Ana Ƙaro Ilimi a Otel, Ana Mutuwa a Asibiti

Babu ɗan kasuwar Maradi da zai sayar da atamfa yau da farashin shekara 20 baya, babu kuma ma'aikacin duwan da zai karɓi kuɗin fito da dokar da aka soke. Amma ga shi mun yarda, ko tari babu, mu miƙa matanmu da ƴaƴanmu ga likitan da ba a sake waiwayar iliminsa ba tun ranar da ya karɓi takardarsa a Jami'ar Abdou Moumouni.

Alhali likitanci ba ya zama wuri guda. A 2005 ƙasar nan ta yi ban kwana da Nivaquine, domin ƙwayar masassara ta daina jin tsoronta. A 2010 wani bincike da aka yi kan yara fiye da 5,000 a ƙasashe 9 na Afirka ya nuna cewa allurar artesunat ta fi kinin ceton rai idan masassara ta yi tsanani, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a gaba. Likitan da labarin bai iske ba zai ci gaba da abin da ya saba, da zuciya ɗaya, iyaye kuma su tafi maƙabarta suna cewa kwana ne ya ƙare.

Mahukunta za su ce ai ana horaswa. Ƙwarai kuwa, mun ga irin horon! Kwana 5 a otel mai sanyi, da shayin safe, da jakar takardu, da hoton rufe taro, sannan a yi layin karɓar perdiyam. Ma'aikatan da ke karanta jaridar nan sun san yadda ake rubuta sunayen masu zuwa, kuma sun san fuskokin ba su cika canzawa ba: na ofis, na kusa da mai sa hannu, da wanda rabonsa da taɓa majinyaci har ya manta. Shi kuwa likitan karkara, wanda layi ke jiransa tun asuba, wa zai bar wa asibitin? In ma ya samu zuwa, wa ya taɓa binsa bayan wata 6 ya ga ko wani abu ya canza a ɗakin haihuwa?

Kada a ce ba mu san wata hanya ba. Daga 1993, a jihar Tawa, an gwada tsarin da ma'aikatan lafiya ke zama a wurin aikinsu, su auna aikin da kansu, su gano inda yake yoyo, su toshe. A 2023 kuma aka bayyana sakamakon wani gwaji a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun likitocin Jami'ar Bayero ta Kano a ciki. Shimfiɗar leda ce mai awon jinin da mai haihuwa ta zubar, da magungunan da aka riga aka sani, a ba da su tare maimakon ɗaya bayan ɗaya. Munanan sakamakon zubar jini suka ragu da kashi 60 cikin 100. Ba otel ya yi wannan ba.

Maƙwabtanmu na Najeriya ba su sabunta wa likita lasisinsa na shekara sai ya kawo shaidar ya ƙaro sani. Tsarin yana da nasa ramuka, tunda tara maki daban, iya aiki daban, amma ko banza an ɗaura wa mutum igiya.

A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, famfon da ya daɗe yana shayar da irin waɗannan tarurruka. To, yanzu da muke ta kirarin ƴancin kai, sai mu gani a kasafin kuɗi. A ware abin da za a tura ƙwararru su yi mako guda suna zagayen gadaje tare da likitan karkara. Duk macen da ta rasu wajen haihuwa, a zauna a bi takardunta awa bayan awa, ba don a nemi wanda za a tsire ba, don a san inda aka makara. Ƙarin girma kuwa a daina ba da shi don yawan shekaru kaɗai. Ƙungiyar likitoci, wadda muryarta ke tashi in an taɓa albashi, muna jiran mu ji ta a kan wannan.