FILIN MATA: Mu Yarda Da Masana Yanayi Ko Kuwa?



Yau zancen sama za mu yi, watau maganar nan da a ke ta yi a rediyo, wai yanayin duniya ya sake. Na sani a gidaje da yawa an rabu biyu. 'Yar makaranta ta dawo da littafinta, ta ce masana sun ce duniya tana ƙara zafi. Kaka ta ce tatsuniyar 'yan boko ce, fari tun zamanin kakanni a ke yinsa, ko ba a yi yunwar Kakalaba a 1914 ba?

Kada ki yi wa kaka dariya, 'yata. Tana da hujja, har fiye da wadda ta sani. Masana sun sha faɗin abu game da ƙasarmu bai tabbata ba. A 1935 wani Baturen Ingila, malamin daji mai suna Stebbing, ya rubuta cewa Sahara tana gangarowa kudu tana cinye gonaki. Gwamnatin Ingila da ta Faransa suka aika da masu bincike a 1936 da 1937, suka bi iyakar Nijeriya da Nijar, suka komo suka ce ba su ga hamada tana tafiya ba. Sa'an nan bayan babban farin 1972 da 1973, wani masanin Amurka, Charney, ya ce yawan kiwo ne ya bar ƙasa tsirara, ƙasa tsirara kuwa ba ta tara hadari. Shi ke nan, laifi ya faɗa kan talaka: Bafillatani da shanunsa, manomi da gatarinsa, da ke uwargida da itacen girkinki. Har yau a kan ji wannan zargi a bakin manya ran bikin dashen itatuwa.

To, wa ya wanke mu? Masanan ne dai. A 1986 waɗansu masana a Ingila suka lura ruwan samanmu yana bin ɗumin teku ne. Idan tekun kudu ta fi ta arewa ɗumi, iskar damina ba ta kan hawo mana da ƙarfi ba. A 2003 wata masaniya 'yar Italiya, Alessandra Giannini (mace ce fa, ku ji!), ita da abokan aikinta suka ƙarfafa wannan. Ashe tushen farin yana can cikin ruwan da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba. Har wa yau, Mortimore da waɗansu malaman Jami'ar Bayero suka binciki itatuwan gonakin kewayen Kano, suka tarar manoma ba su ƙarar da su ba, suna tattalinsu ne. Wace mace ce ta ke buƙatar littafi kafin ta san darajar ɗorawa da kuka da kaɗanya?

A ganina, wannan shi ne dalilin da zai sa mu saurare su. Mai awo a kasuwa wanda ya yarda a sake gwada mudunsa a gaban jama'a, shi a ke komawa wurinsa. Haka masana su ke, wannan ya auna, wancan ya sake aunawa, in da kuskure a tona.

Ga abin da aka auna aka sake aunawa bai motsa ba. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 tun da aka shiga ƙona kwal da fetur da gas da yawa, shekarar 2024 kuwa ta fi dukan shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara rubutawa. Rabon Afirka duka cikin wannan hayaƙi bai wuce kashi 4 cikin 100 ba, sabo da haka murhunki ba shi ne ya ɗumama duniya ba. Wani bincike na 2017 ya nuna manyan hadari masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau 3 tun 1982. Watau ruwan ya kan zubo ne gaba ɗaya, ya ci katanga, ya jiƙa rumbu. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ga kuma ta Maiduguri a Satumba 2024.

Amma fa ranar saukar damina wani zance ne dabam. Hukumar NiMet ta kan ba da kirdadonta a farkon kowace shekara. Kirdado ne na yanki, ba alkawari ba ne ga unguwarku. Sau nawa a ke sheƙa ruwa a Karaye, Beli ko ɗigo? Saukar da ruwa na Allah ne, malamin yanayi kuwa mai duban alama ne, kamar yadda kaka ta ke duban zuwan shamuwa da kaɗewar ganyen gawo. In ya kuskure kwana goma, kada ki ce dukan iliminsa ƙarya ne. Ki dai tuna wa maigida kada ya zuba irinsa duka a ruwan fari.

Kafin Agusta lalle a share magudanar gida, a yaɓe gindin katanga, a ɗaga buhunan hatsi daga ƙasa. Mai halin sayen murhu mai rage hayaƙi ta saya, don ƙirjinta da idon goyonta.

Ku kuma 'yan makaranta ga aikinku. Ku sami gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, ku ajiye shi a fili nesa da indararo. Duk ran da aka yi ruwa ku auna zurfinsa da rula, ku rubuta da kwanan wata, ku zubar. Da kaka ta yi ku aiko mini da lissafin, in buga shi a wannan fili.