Minti Goman Ƙarshe: Hikima Ce Ko Tsoron Zargi?

Duk wanda ya saba kallon gasar ƙwallon ƙafa ta matasa a filayen makarantun Karaye da Rogo ya san yadda wasa ke sauyawa idan saura minti goma a tashi, ɓangare guda kuma yana gaba da ci ɗaya. Sai koci ya fitar da ɗan gaba ya shigar da ɗan baya, kowa ya koma tsaron gida, a riƙa doka ƙwallo waje. Jama'a kan kira wannan dabara. A ganina, sau da yawa tsoro ne aka naɗa wa rawanin hikima.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka da hannu, ana ba ƙungiya dama huɗu ta matsa gaba yadi goma. Idan uku suka wuce ba ta cimma ba, sai koci ya zaɓa: ko ya yi kasadar gwada ta huɗun, ko ya sa a buga ƙwallon da ƙafa. A 2006 masanin tattalin arziki David Romer na Jami'ar Kalifoniya ya wallafa bincike da ya nuna cewa masu horarwa na guje wa kasadar fiye da yadda lissafi ya nuna ya kamata. Dalilin a fili yake. Wanda ya bi al'ada aka ci shi, sai a ce ƙaddara ce. Wanda ya yi kasada aka ci shi, sai a ce ganganci.

Mu ma mun ɗanɗana. A gasar cin kofin duniya ta 1994, Najeriya na gaban Italiya da ci ɗaya, an kuma kori Gianfranco Zola, amma 'yan wasanmu suka koma cinye lokaci maimakon neman na biyu. Roberto Baggio ya farke a minti na 88, ya ƙara a ƙarin lokaci. A wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, ranar 11 ga Fabrairun 2024, ƙungiyar Jose Peseiro ta fara ci ta hannun William Troost-Ekong, ta lafe a gida, har Franck Kessie da Sebastien Haller suka juya wasan.

Tsaron gida yana da lokacinsa, musamman idan 'yan wasa sun galabaita ko an kori ɗaya daga cikinsu. Sai dai tsaro sana'a ce da ake koya a atisaye. Ƙungiyar unguwa da ba ta taɓa gwada shi ba, in ta ja da baya, kwana kan kwana take gayyato wa kanta, a filin da ƙwallo ke tsalle yadda ta ga dama.

Kocin Karaye ko na Rogo kuwa ba ya da inda zai ɓuya. A unguwa ɗaya yake da magoya baya, gobe zai haɗu da su a teburin mai shayi. Don haka gyaran daga gare mu 'yan kallo zai fara. Mu riƙa auna shawarar koci da hujjar da yake da ita a lokacin da ya yanke ta, kafin mu dubi sakamako. Muddin mai kasada ne kaɗai ke shan zagi, masu horar da 'ya'yanmu za su ci gaba da koya musu ja da baya.