Wa Ya Miƙa wa Ustaziya Kofin Mojito?

Maƙalar wannan mako za ta ɗan yi ɗaci, sai a yi haƙuri da mu.

Akwai wata fitowa da ta zama ruwan dare a littattafan da ake sakawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Jarumi, wanda kullum ɗan minista ne ko matuƙin jirgin sama, ya ɗauki jaruma zuwa wani katafaren otal a Abuja ko Dubai. Tun a shafi na biyu an gaya mana yarinyar nan mahaddaciya ce, hijabinta har ƙasa, ba ta wasa da azkar. Ma'aikacin otal ya zo, ta ɗago kai cikin kunya ta ce a kawo mata mojito. A wani littafin kuma amarya ce ta shiga kicin ta haɗa wa angonta piña colada don ya san ya auro 'yar gayu. Marubuci ya wuce abinsa, ya ci gaba da labari, bai san ya shayar da ustaziyarsa giya ba.

To bari mu faɗa ƙarara. Mojito da piña colada da daiquiri duk haɗin giya ne, kuma giyar da ake gina su a kanta ita ce ram, wato barasar rake. Idan an matse rake an dafa ruwan an cire sukari, akwai wani baƙin ruwa mai danƙo da ke ragewa. Shi ake tsarma wa ruwa a bar shi ya tsima, sannan a dafa a tara tururinsa ya koma ruwa. Abin da ya fito shi ne ram, kuma a yawancin kwalaben da ake sayarwa kashi 40 cikin 100 barasa ce tsantsa. Ta fi burukutu ƙarfi nesa ba kusa ba, 'yar uwar ogogoro ce da ta sa kwat.

Mojito ɗan ƙasar Kyuba ne, kuma masu abin "mohito" suke cewa, domin harafin j a Sifaniyanci kamar h yake fita. Mai haɗa shi a gida yakan zuba sukari kamar ƙaramin cokali biyu a dogon kofin gilashi, ya matse lemun tsami a kai, ya jefa rassan na'ana'a, ya ɗan danna su da wata 'yar taɓarya. Dannawa ce kawai don ƙamshin ya fito, domin idan aka dake ganyen ya dagargaje sai ɗaci ya biyo baya. Daga nan ya zuba farar ram wajen mililita 45, ya cika kofin da ƙanƙara, ya ƙarasa da ruwan soda, ya juya sau ɗaya ko biyu. Piña colada kuwa ta Puerto Rico ce, ma'anar sunan "abarbar da aka tace". Ruwan abarba ne da madarar kwakwa mai kauri da farar ram, a markaɗa su da ƙanƙara a bilanda har su yi kumfa. Otal ɗin Caribe Hilton da ke San Juan yana iƙirarin cewa ma'aikacinsa Ramón Marrero ne ya fara haɗa ta a 1954, wani gidan abinci mai suna Barrachina yana cewa a wurinsa aka fara a 1963, kuma a 1978 gwamnatin tsibirin ta ayyana ta a matsayin abin sha na ƙasa. Daiquiri shi ne mafi sauƙi, ram da lemun tsami da sukari, kuma sunan wani ƙauye ne a gaɓar teku kusa da Santiago de Cuba.

Ba mun kawo wannan ba ne don wani ya je ya gwada. Hukuncin giya a addininmu ko ɗan firamare ya san shi. Mun kawo ne don a ga cewa duk bayanin nan bai kai aikin minti goma a waya ba, wayar da marubucin ya buga babi tamanin da ita.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta. Za a ce ai wanda babu giya ake nufi. Gaskiya ne akwai shi, a takardar abincin otal za ka ga an rubuta "virgin mojito", kuma gidajen abinci da yawa a Kano da Kaduna shi kaɗai suke yi, har sukan yar da kalmar farkon. Amma ku kuka ɗauki jarumar kuka kai ta Dubai, ko Landan, ko babban otal a Legas, inda in ka ce mojito ka yi shiru to da ram za a kawo maka. Kalma ɗaya ce ta raba halal da haram a wannan teburin, kuma marubucin da ya san haka zai ga labari a ciki. Yarinyar da ta taso a Gwammaja, karon farko a irin wannan wuri, tana karanta takarda ba ta gane komai, tana jin kunyar tambaya don kada saurayin ya raina ta. Saurayin ya sani, ya yi shiru ko ya faɗa? Daga abin da ya zaɓa mai karatu zai gane irin mijin da za ta aura, ba sai an ɓata shafi uku ana lissafa motocinsa ba.

Wasu kuma za su ce ai ƙagaggen labari ne, me ya yi zafi? Abin da ya yi zafi shi ne masu karanta mu. Yawancinsu 'yan mata ne da matan aure, da dama ba su taɓa shiga irin waɗannan wurare ba, daga littafinmu suke ɗaukar sunan turare da na atamfa da na girki. Wadda ta karanta cewa mahaddaciya ta sha abu ta lumshe ido, ranar da ta sami kanta a wurin da ake sayar da shi, da ƙwarin gwiwarta za ta ambaci sunan. Alhakin wa? Mai karatun da ya san duniya kuwa, dariya zai yi ya rufe littafin, kuma daga ranar ko gaskiya ka faɗa masa game da asibiti ko kotu ba zai yarda ba.

Akwai ɓangare na biyu da su ma ba mu tare da su, wato masu cewa marubucin Hausa kada ya kuskura ya ambaci giya sam. Wannan rufe ido ne. Hisbah a Kano takan fasa dubban kwalabe a bainar jama'a, kwalaben nan ba aljanu ke shanye su ba. Akwai gidajen da giya ta rusa, akwai matan da ke wanke aman miji da asuba suna ɓoye wa 'ya'ya. In za a rubuta mashayi, a rubuta shi da sani: warin bakinsa, yadda yake ɓoye kwalba, ƙaryar da yake yi wa kansa, kuɗin cefanen da ke zurarewa. Mashayin da muke gani a littattafai, wanda daga kurɓa ɗaya sai tangaɗi da waƙa, ba ya tsorata kowa, ba ya kuma sa kowa tausayi.

Abin da ya fi ba mu haushi ma shi ne labarin da ke kwance a gindin kofin nan, wanda masu neman sunan gayu suke tsallakewa. Ram 'yar gonakin rake ce na tsibiran Karebiyan, an fara dafa ta sosai a Barbados a tsakiyar ƙarni na 17, kuma hannun da ya sare raken ya tura shi cikin injin matsa hannun bawa ne da aka kwaso daga Afirka. Giyar da aka samu daga wahalarsa ita ake lodawa a jirgi a kawo gaɓar Afirka ta Yamma a musanya da wasu bayin. Puerto Rico ba ta soke bauta ba sai 1873, Kyuba 1886, Birazil 1888. Kamfanin Bacardi da ake ganin sunansa a kwalabe an kafa shi ne a Santiago de Cuba a 1862, lokacin bayi na cikin gonaki. Kuma kada a ɗauka labarin wasu ne can. A farkon ƙarni na 19 an kai Hausawa da yawa jihar Bahiya ta Birazil, ƙasar rake, waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen zamanin aka gangara da su bakin teku. Su ne suka kitsa yunƙurin tawaye na 1807, suna cikin na 1809 da 1814, kuma a watan Janairun 1835, cikin azumin Ramadan, bayi da 'yantattu Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka yi babban tawayen da ake kira na Malê a birnin Salvador. An sami takardu da layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ba mu Shaihu Umar, ya bi bawan da aka ƙetara Sahara da shi. Wanda aka ƙetara teku da shi, almajirin da ya tashi da allo ya ƙare da adda a gonar rake, yana nan yana jiran mai rubuta shi. Mu kuwa abin da muka tsinta daga duk wannan tarihi shi ne sunan abin sha da 'yar lema a bakin kofi.

Af, tunda ana maganar bincike, masu son sa wa jarumai Chapman su ma su duba. Namu ne na Najeriya, Fanta da Sprite da jan sirof da kokwamba, amma a haɗinsa na asali akan ɗiga Angostura, wani ruwa mai ɗaci da ake yi a Trinidad, wanda kashi 44.7 cikin 100 nasa barasa ce. Ɗigo kaɗan ne, wasu wuraren ma ba sa sawa, hukuncinsa kuma sai a kai wa malamai. Namu dai shi ne marubuci ya san abin da ya zuba wa mutanensa.

Sannan me zoɓo ya yi mana? Me kunun aya ya yi, da lamurje, da jiƙon tsamiya, da fura mai sanyi a ƙwarya? Marubuciyar da ta iya jiƙa aya ta kwana, ta markaɗa da dabino da kwakwa, ta tace da ƙyalle, ta san in ya wuni babu sanyi zai yi tsami, tana da abin da za ta cika shafi da shi har mai karatu ya haɗiye yawu. Amma sai ta bar wannan ta tafi aron abin da ko furta sunansa ba ta iya ba, don kawai a ce gidan jarumin gidan wayayyu ne. Mun shiga gidajen manya a garin nan, zoɓo ne a firij ɗinsu.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta fitowa ɗaya da ba ta wuce kalma 250 ba, inda wani yake haɗa wa wani abin sha. Ko wane iri ne, namu ko na waje, sharaɗin kawai a ga hannu yana aiki, a san me aka zuba da yawansa, kuma zuwa ƙarshen fitowar mu gane ko mai haɗawar yana son mai shan ko ba ya so. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu kafin daren Alhamis, ranar Juma'a bayan la'asar za mu bi su ɗaya bayan ɗaya in sha Allahu.