Wai Kasuwa Sai Mai Zuciya

A majalisun Sabon Gari da Samaru akwai maganar da ake maimaitawa kullum: wai kasuwa sai mai zuciya, matsoraci ba ya arziki. Yaro ya ce zai dakata ya ga inda farashi ya dosa, sai a ce masa rago. Ban yarda ba. Waɗanda maganar nan ta karya sun fi waɗanda ta ɗaga yawa.

Masu yaɗa ta waɗanda suka tsira kawai suke ƙirgawa. Wanda ya zuba jarinsa kaf ya dace, shi ake shimfiɗa wa tabarma ya ba da labari. Wanda kasadar ta kife da shi yana gida, ya kashe waya saboda masu bin bashi, kuma ba mai neman jin ta bakinsa.

A dubi masara. Tsadar da aka sha ta sa kowa, har ma'aikacin gwamnati, ya koma ɗan ajiya. A kakar 2024 aka ci bashi, aka kwaso buhuna daga kasuwar Giwa aka cika sito, da tabbacin cewa kafin damina kuɗin zai ninka kamar bara. Alhali tun watan Yuli gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150. Labarin ba ɓoyayye ba ne, har rediyo ta faɗa. Ribar bara ce ta toshe kunnuwa. Da farashi ya faɗi a 2025, sai aka ce ƙaddara, kamar dai an hana mutum lissafi kafin ya yi tawakkali.

Samaru ta ga nata tun 2022. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ya fara ranar 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba: wata takwas Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru babu ɗalibai. Mai fotokwafi da mai abinci ba wanda ya san ranar komawa. Wanda ya kai ƙarshe da shagonsa galibi shi ne wanda ake yi wa dariya, mai ƙunshe rabin riba, mai 'yar gona a gefe, wanda ya ƙi kama shago na biyu da kuɗin adashe.

Alhajin da ke zuga yaro ya zuba komai, a tambaye shi kashi nawa na dukiyarsa ya taɓa sa wa kaya guda.