Inshorar Lafiya Ba Ta Cika Ba Sai Ta Haɗa da Haƙori: Duba Daga Tambuwal da Kebbe

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin darajar haƙori. Ya yaba wushirya, ya yi wa mai giɓi ba'a, mata sun ƙawata baki da fure da goro, alhazai kuma sun dawo gida da haƙorin Makka. Sai dai duk da wannan daraja, ba kasafai ake ɗaukar ciwon haƙori a matsayin cutar da ta isa a je asibiti dominta ba. Akan cusa kanumfari ko kanwa a kogon, a ɗaure haɓa da ƙyalle, a jira ya lafa. Idan ya ƙi lafawa sai a nufi kasuwa wurin mai cire haƙori.

Ra'ayin wannan muƙala shi ne, duk wani tsarin inshorar lafiya da ya bar kula da baki da haƙori a manyan asibitocin birni, bai kai ga talakan karkara ba. Wajibi ne a sauko da wannan aiki zuwa ƙananan asibitocin mazaɓu, kuma a haɗa shi da makarantun firamare. Za a ɗauki ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, a kudancin Jihar Sakkwato, a matsayin misali.

2.0 Yadda Ciwon Yake Farawa

Ɗan Adam yana da zubin haƙora biyu: na ƙuruciya guda 20, da na dindindin guda 32. Akwai wani abu da iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne lokacin da yaro yake da kimanin shekara 6, a can bayan haƙoran ƙuruciya, ba tare da wani ya faɗi ba. Saboda haka sai a zaci shi ma zai tafi idan famfara ta zo, a ƙyale shi ya ruɓe. Shekara 6 kuwa ita ce shekarar shiga aji ɗaya na firamare. Ke nan wannan haƙori a gaban malami yake tsira.

Abin da ake kira tsutsar haƙori ba tsutsa ba ce. Wasu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke taruwa a jikin haƙori. Idan suka sami sukari sai su mayar da shi wani ruwa mai tsami, wanda yake cinye ɓawon haƙori a hankali har ya yi kogo. Idan kogon ya kai ga jijiya, nan ne barci yake ƙaura. Yaron da yake tsotsar alewa da tuwon madara da lemon kwalba tun safe har yamma ya fi shiga haɗari, domin yawan maimaita zaƙi ba ya barin baki ya huta. Haka kuma dattin da ya taru a gindin haƙora yakan kumbura dasashi, ya riƙa jini, daga baya haƙora su fara girgiɗi.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne suke fama da cututtukan baki, kuma uku daga cikin kowane huɗu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Bambancin kawai shi ne, wani yana da likita a ƙofar gidansa, wani kuwa sai ya sayar da akuya kafin ya gan shi.

3.0 Zaizayar Baki: Darasi Daga Sakkwato

Duk mai ganin ciwon baki ƙaramin abu ne, to ya ziyarci asibitin yara masu zaizayar baki da ke birnin Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999. Likitoci suna kiran wannan cuta noma, sunan da ba shi da wata alaƙa da aikin gona. Tana kama yara ne, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda ƙarancin abinci mai gina jiki ko ƙyanda suka raunana. Da kumburin dasashi take farawa, sai wari, sai kumatu ya kumbura. Cikin 'yan kwanaki tana iya cinye leɓe da kunci har da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan tara daga cikin goma na yaran da ba a yi musu magani ba suna mutuwa. Wanda ya rayu kuma yakan tashi da wahalar cin abinci da magana, ga tsangwamar jama'a.

Tun 2014 ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa take tallafa wa wannan asibiti, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da cutar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Wannan nasara ce. Amma abin lura shi ne, a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftace baki da abinci mai kyau sun isa su tsayar da ita. Yaron da ake yi wa tiyatar gyaran fuska a Sakkwato, akwai ranar da duba bakinsa kawai a ƙauyensu zai wadatar. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

4.0 Inda Aka Fito a Harkar Inshorar Lafiya

An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIS, a 1999, amma sai a 2005 ya fara aiki, kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A 2014 Dokar Lafiya ta Ƙasa ta samar da asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A 2022 aka sanya hannu a kan sabuwar doka da ta kafa hukumar NHIA, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni. A Jihar Sakkwato akwai hukumar taimakekeniyar lafiya, wato SOCHEMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023, bayan ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015.

Ke nan dokoki da hukumomi sun samu. Inda gizo yake saƙa shi ne yadda aka tsara aikin. Mai rajista yakan zaɓi ƙaramin asibiti, wanda ake biya wani kuɗi a kan kowane mutum da ke cikin rajistarsa. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa sai ya rubuta takardar turawa zuwa babban asibiti. Tun a tsarin NHIS, mafi yawan aikin haƙori a wannan mataki na biyu aka ajiye shi, domin can ne ake samun likitan haƙori da kujerarsa da kayan aikinsa. Likitocin haƙori kuwa kaɗan ne a ƙasar nan, mafi yawansu kuma a manyan birane suke zaune.

A dubi manomi daga Sanyinna ko Jabo ko Dogon Daji, ko kuma daga Kuchi da Margai a ƙasar Kebbe. Daga garin Tambuwal zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake, tafiyar kimanin kilomita 100 ce, ta mutanen Kebbe kuwa ta fi haka. Ko da katin inshora ya biya masa kuɗin aiki, ba ya biyan kuɗin mota, ba ya ciyar da ɗan rakiya, ba ya kuma mayar masa da yinin da ya bar gona a tsakiyar damina. Don haka sai ya yi ta haƙuri har haƙorin ya wuce gyara. Wani lokaci ma ruɓar takan gangara ƙarƙashin haɓa da wuya, ta toshe numfashi, abin ya zama na rai ko mutuwa. Katin da ba ya aiki sai a nesa, ga talaka ado ne kawai.

5.0 Hujjojin Masu Ja da Wannan Ra'ayi

Na farko, wasu za su ce kuɗin asusun kaɗan ne, kuma zazzaɓin cizon sauro da matsalar haihuwa sun fi gaggawa. Gaskiya ne sun fi kisa. Amma ba ana neman a dasa wa kowa haƙorin zinariya ba ne. Abin da ake nema shi ne duba baki, da wanke dattin haƙora, da cike ƙaramin kogo, da cire wanda ya lalace cikin tsafta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya man goge baki mai sinadarin fuloraid da wani nau'in siminti na cike haƙori cikin jerin muhimman magunguna. Akwai kuma dabarar cike kogo da kayan hannu, ba lantarki ba injin huda, wadda aka fara gwadawa a Tanzaniya a shekarun 1980. Kuɗin waɗannan bai kama ƙafar kuɗin tiyata ɗaya ba.

Na biyu, akwai masu ɗari-ɗari da kalmar inshora saboda addini. Ga waɗannan sai a ce, tsarin taimakekeniya ba baƙo ba ne a wurinmu. Al'ummar da ta san gayya da adashi da gudummawar biki ta riga ta san cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya zuba kaɗan, wanda larura ta samu a ɗauke masa nauyi.

Na uku, za a ce babu ma'aikata. Lallai ba za a sami likitan haƙori a kowace mazaɓa ba nan kusa. Amma ana iya horar da jami'an lafiya na al'umma su gane alamomin farko, a ɗauki mataimakan likitan haƙori aiki a manyan asibitocin Tambuwal da Kebbe, sannan likita ya riƙa zagayawa a ranakun kasuwa.

6.0 Abin da Ya Kamata a Yi

Ya kamata hukumar SOCHEMA ta bayyana wa jama'a da Hausa, a rediyo da allunan asibiti, ainihin ayyukan haƙori da katinta yake biya, domin wanda bai san haƙƙinsa ba ba zai nema ba. Ya kamata duba bakin yaro ya zama ɓangare na ranar rigakafi da ranar awon tamowa, tunda yaran da suke cikin haɗarin zaizayar baki su ne dai ake kawowa wurin. Haka kuma, dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi. Adalci ne a ware wani kaso na irin wannan kuɗi domin gyara ɓarnar da sukari yake yi. Ƙasashen duniya sun amince da burin cewa nan da 2030 kashi 80 cikin 100 na mutane su sami damar kula da lafiyar baki a cikin tsarin lafiya na kowa da kowa. Bai dace a cika wannan lissafi da mutanen birni a manta da na Kebbe ba.

7.0 Rawar da Malami Zai Taka

Ɗalibi mai shirin zama malami yana iya tambaya, ina ruwan malamin Hausa da haƙori? Ruwansa da yawa. A darasin tsarin sauti an koya masa cewa haƙora suna cikin gaɓoɓin furuci, kuma yaron da ya rasa na gaba yakan sha wahalar furta sautuka irin su /s/ da /z/ da /ts/. Yaron da haƙori ya hana barci ba zai fahimci karatu ba, wanda ake yi wa dariya saboda warin baki kuma ba zai ɗaga hannu ya yi magana a aji ba.

Malami ya saba duba farce da tufafi a taron safe, to ya ƙara da baki. Idan ya ga dasashi mai jini, ko gyambo mai wari, ko kumatu a kumbure, ya sanar da iyaye a ranar, ya nuna musu hanyar asibiti. Ya koya wa yara goge baki sau biyu a rana, musamman kafin barci, da man da ke da fuloraid. Inda babu halin sayen burushi, asuwaki yana nan, ga dogon yaro a kowace ƙofa, kuma duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san an lissafa asuwaki cikin mustahabban alwala. Idan haƙorin dindindin ya fita a filin wasa, kada a jefar. A riƙe shi ta kai, ban da saiwa, a saka shi cikin madara a gaggauta zuwa asibiti, domin akan iya mayar da shi idan ba a ɓata lokaci ba. A taron iyaye da malamai kuwa, malami ne ya fi dacewa ya bayyana yadda ake rajistar taimakekeniya, ya kuma gargaɗi jama'a game da zuba ruwan batir a kogon haƙori da kuma kayan cire haƙori na kasuwa waɗanda ake amfani da su daga baki zuwa baki ba tare da an dafa su ba.

8.0 Kammalawa

An ga yadda ciwon haƙori yake farawa daga ƙaramin abu, da yadda sakaci da baki yake kai yara ga zaizayar baki, da kuma yadda tsarin inshora ya ajiye maganin nesa da masu buƙatarsa. Gyaran yana wuyan hukuma, amma farkonsa yana hannun malami, domin shi ne ma'aikacin gwamnatin da yake ganin yaron ƙauye kwana biyar a kowane mako. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan malamai suka buɗe ido, hukuma kuma ta kusanto da aikin, iyaye a Tambuwal da Kebbe za su ga amfanin kuɗin da suke zubawa a bakin 'ya'yansu.