Garin neman gira kada a rasa ido: maganar taɓa ƙwaƙwalwar motocin kaya

Jama'a ƴan kasuwa, iyayenmu mata masu saye da sayarwa, yau sharhinmu ya leƙa garaji ne. Kada wata ta ce ina ruwanta da zancen makanikai. Duk buhun albasar da ya taso daga Galmi, duk kwandon tumatir da aka sauke da asuba a Katako ko Wadata, duk ragon da aka ɗauko ranar Lahadi daga kasuwar Baleyara, a bayan mota ya iso Yamai. In motar ta kwana a hanya, kayan wa za su ruɓe?

Maganar da ta fara yawo tsakanin direbobi da masu motoci ita ce wai ana iya taɓa ƙwaƙwalwar mota a ƙara mata ƙarfi, a kuma rage mata shan mai. Hanya biyu ake tallatawa. Ta farko, ka sayi wata ƴar na'ura mai kamar salula, ka jona ta da kanka a ƙarƙashin sitiyari, ka zaɓi abin da kake so. Ta biyu, ka kai motar wajen gwani ya haɗa ta da kwamfuta, ya sake rubuta mata lissafi daidai da ita. Masu tambaya na cewa wace ta fi? Mu kuwa muna ganin akwai tambayar da ta riga wannan.

Bari mu fara da bayanin abin da ake taɓawa. A zamanin Peugeot 404 da 504 bashe, makaniki da kunnensa da sifanarsa yake gyaran mota. Motocin yanzu ba haka suke ba. Hilux mai injin D-4D, irin wadda ta yawaita tun daga 2005, tana da wani ƙaramin akwati da masu Faransanci ke kira kalkilatar, mu kuma mu ce ƙwaƙwalwa. Shi ke auna iskar da ke shiga, da zafin injin, da yadda direba ya taka totur, sannan ya yanke yawan gazuwal ɗin da za a fesa da lokacin fesa shi. Ramin da ake jona na'ura kuwa sunansa OBD. Amurka ta wajabta shi tun 1996, Turai ta bi baya a 2001 ga masu isansi, a 2004 ga masu gazuwal. Ta nan ne makaniki ke jona abin da suke kira balis don ya gano ciwon mota.

Wanda ke shakkar ƙarfin wannan akwati, ya tuna da abin da ya faru a 2015, lokacin da aka kama kamfanin Volkswagen na Jamus ya shirya ƙwaƙwalwar motoci kimanin miliyan 11 yadda za su rage hayaƙi a lokacin gwaji kawai. Ba a canza ko ƙusa ɗaya ba, lissafi kurum aka canza. Ke nan gaskiya ne ana iya ƙara wa mota ƙarfi ta wannan hanya. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne daga ina ƙarfin yake fitowa.

Ga inda yake fitowa. Kamfanin da ya ƙera injin ba ya sakar masa duk ƙarfinsa. Yakan bar wani rara da gangan, saboda ranar da za a zuba mai marar kyau, ko rana ta yi zafi, ko mai mota ya makara wajen canza baƙin mai. Tamkar mai hankali ce da ba ta zuba duk jarinta a kaya, tana ɗaure wani abu a bakin zane don ɓacin rana. Mai ƙara ƙarfi wannan ajiyar yake kwancewa. A ƙasar da ke da sanyi da kwalta mai santsi, wataƙila mota ta tsufa ba ta taɓa bukatar ajiyar ba. Amma a nan Nijar, inda zafin watan Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, inda ƙurar hunturu ke toshe matatar iska, inda ake cika tanki da man kwalba na bakin hanya, inda ake yi wa mota lodi har bayanta ya durƙusa, kullum cikin ajiyar nan muke ci. In an kwance ta, me ya rage?

To, mu koma kan hanyoyin biyu. Ƴar na'urar hannu kamar rigar gwanjo ce. An ɗinka ta ne ba a ga mai sawa ba. Manyan masu yin ta, irin su Superchips da Bully Dog da Edge, kamfanonin Amurka ne, kuma yawanci don manyan akori-kura na can suke yi, wato Ford da Ram da Chevrolet, ba don Hilux ɗinmu ba. Lissafin da ke cikinta an tsara shi ne bisa lafiyayyar mota da tsabtataccen mai. Ba ta san motar Alhaji ta ci kilomita dubu ɗari uku ba kafin ta sauka daga jirgin ruwa. Alherinta ɗaya ba za mu ɓoye ba: ta gaske takan adana lissafin asali, ta yadda in abin bai yi ba za a iya mayar da mota yadda take. Sai dai a yi hattara da jabu. Akwai ƴan ƙananan akwatuna masu araha da ake sayarwa da sunan rage shan mai, waɗanda da masana suka buɗe su ba su tarar da komai ba sai ƴar fitila mai walƙiya. Araha dai ba ta ado.

Aikin gwani kuwa ɗinkin tela ne. Ana auna mota a yanka mata daidai jikinta, a duba shekarunta da irin aikin da take yi. In an dace da tela na ƙwarai, babu shakka wannan hanya ta fi ta farko. Amma kowa ya san ba duk mai keken ɗinki ne tela ba. Gwani na gaske yakan gwada mota kafin aiki da bayan aiki, a kan na'urar auna ƙarfi ko a kan hanya da kayan awo, yana lura da zafin hayaƙi da matsin turbo. Wanda ya sauko da lissafin wata mota daga intanet ya ɗura wa taka cikin minti ashirin, gwanjo ya sayar maka da kuɗin ɗinki. Bugu da ƙari, in batir ya yi sanyi ana tsakar rubutu, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa ɗungurungum. Sabuwa kuma ba a tsinto ta a ɗaura haka nan, sai an daidaita ta da makullin motar. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, masu motoci sun ga yadda jiran ƙarfe ɗaya ke cin makonni.

Mun fahimci abin da ke tura mutane. A watan Agustan 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668, kafin a sauko da ita 618 a watan Yulin 2024. A 2023 Nijeriya ta cire tallafin mai, man sumoga ya daina araha. A watan Maris na 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai, duk da matatar SORAZ ta Damagaram da ke aiki tun 2011. Wanda mai ke cinye masa riba dole ya saurari duk mai cewa yana da magani. Amma a lura: baƙin hayaƙin da mota ke fesarwa gazuwal ne da bai ƙone ba, wato kuɗinka ne ke tashi sama, kuma huhun masu ƙosai da masu tallar bakin titi ne ke shaƙarsa. Sannan ƙarin ƙarfin injin ba ya ƙara wa birki ƙarfi, ba ya ƙara wa kuloci ko taya. Mota mai lodin buhuna da mutane a kai, in ta ƙara gudu a hanyar Doso, tsayawar ce za ta yi wuya.

Saboda haka matsayinmu a fili yake. Motar da ke ciyar da iyali ba wurin gwaji ba ce. Kafin a yi zancen ƙwaƙwalwa, a canza matatar iska da ta mai a kan lokaci, a duba iskar taya, a wanke abin sanyaya ruwan injin, a gwada bakunan fesa mai, a rage lodi. Yawancin motocin da ake cewa sun rasa ƙarfi, ƙarfin nasu a nan ya maƙale. Mai tsohuwar mota mai famfon gargajiya, irin Land Cruiser mai injin 1HZ, ya sani motarsa ba ta da ƙwaƙwalwar da za a sake wa rubutu. Duk wanda ya ce zai yi masa, aljihunsa yake nema.

Wanda kuma ya ce lalle sai ya yi, to ya zaɓi tela a kan gwanjo, amma da sharuɗɗa. A ba shi lissafin asali ya adana a hannunsa. A rubuta masa a takarda abin da aka canza, da sunan wanda ya yi. Ya nemi ganin wata motar da gwanin ya taɓa wadda ta shekara tana aiki. In motar sabuwa ce, ya san cewa garantin kamfani na iya faɗuwa. Kuma kada ya yarda da lambar da ke allon gaban direba, ya cika tanki maƙil, ya yi tafiyar da ya saba da lodin da ya saba, ya sake cikawa, ya ƙirga lita da kilomita. Mudu ba ya ƙarya.

Ku kuma iyayenmu mata da kuke haɗa kuɗi ku ɗauki shatar mota, ko kuka tara adashi kuka saya wa ɗa ko ƙane don ya riƙa yi muku jigila, kuna da bakin magana. In direba ya zo yana cewa "Hajiya, kawo kuɗi a ƙara mata ƙarfi," ku tambaye shi wa zai yi, wa zai biya in ta lalace, kuma yaushe rabon da a duba birki.

Muna kira ga ƙungiyoyin makanikai da cibiyoyin koyon sana'a da su ba da himma wajen horar da matasa kan lantarkin mota, domin motocin da ke shigowa ba za su koma zamanin 404 ba. Hukumomin sufuri su ma su sa ido kan masu wannan aiki, a san na gaske a san ƴan cuwa-cuwa. Ɗan kasuwa ba tsere ya fito ba. Ribarsa ita ce kaya su iso lafiya, mota ta koma gobe ta ɗauko wasu. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.