Akwati a Hannunmu, Makulli a Hannun Kamfani

Ɗan'uwa ɗalibi, idan ka taɓa fita aikin bincike da kyamara don ɗaukar hoton wani tsohon rubutun ajami, wataƙila an ba ka shawarar ka ɗauka a tsarin RAW. Shawara ce mai kyau. RAW, wanda zan kira ɗanyen hoto, shi ne duk abin da idon kyamara ya gani kafin a sarrafa shi a matse shi ya koma JPEG, kuma da shi akan iya fito da tawadar da ta dusashe a jikin takarda. Amma a ganina, duk wanda ya ajiye ɗanyen hoto shi kaɗai, ya ce ya adana tarihi, kansa yake yaudara.

Dalili kuwa, ɗanyen hoto ba harshe ɗaya yake magana da shi ba. Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Canon kuwa ya fara da CRW, ya koma CR2, a shekarar 2018 ya fito da CR3. Galibin kamfanonin nan ba sa wallafa cikakken bayanin yadda suka tsara fayilolinsu. Mu da muke nazarin harshe mun san makomar rubutun da ba shi da ƙamus ba shi da nahawu: ranar da masu karanta shi suka ƙare, ya zama zane kawai. A shekarar 2005 ma an yi ta cece-ku-ce da aka gano Nikon ya kulle bayanin daidaita launi a fayilolin kyamararsa ta D2X. Wato hoto naka, makulli nasu.

Wani zai ce ai har gobe ana buɗe tsofaffin fayiloli. Gaskiya ne, amma albarkacin wa? Da yawa albarkacin 'yan sa-kai ne irin su Dave Coffin, wanda ya yi shekaru yana warware sirrin fayilolin nan a manhajarsa ta dcraw, ita ma tun 2018 ba a sabunta ta ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara. A Ingila, BBC ta tattara bayanan rayuwar ƙasar a kan faifai na musamman a shekarar 1986. Kafin 2002 na'urorin karanta su sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka kai ɗauki.

A shekarar 2004 kamfanin Adobe ya fito da tsarin DNG, ya kuma wallafa bayaninsa kowa ya gani. Kyamarorin Leica da Pentax na iya ɗauka da shi kai tsaye. Ban ce ba shi da aibi ba, domin wajen juya fayil zuwa DNG wasu bayanan kyamara kan iya salwanta. Shi ya sa ban yarda a goge na asali ba. A ajiye shi, a yi masa abokin zama na DNG, sannan a fitar da TIFF, wanda shi ne tsarin da shirin ceto tsofaffin takardu na Laburaren Birtaniya ke neman masu bincike su miƙa.

Sannan a ajiye su a wurare biyu ko uku, a rubuta sunan kyamara da ranar ɗauka da garin da aka ɗauka, a kuma riƙa buɗe su lokaci-lokaci. Sashenmu na karɓar kundin digiri a ɗaure da bango; ban ga abin da zai hana ya karɓi hotunan binciken tare da shi ba.